Ranar da Ba a Ji Ƙahon Baba Ba

Garin Maibaka, ta Caké
Ranar Laraba

Zuwa ga yayana Bashiru, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta ishe ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukaiya da ɗiya duka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka cikin shago, ya ba ku haƙurin zama nesa da gida. Mu nan lafiya, sai godiya. Mai ɗakina Rabi'atu ta sauka watan jiya, an samu mace, an sa mata Shamsiyya, ta ɗauko goshinka sak, har Iya na cewa Allah ya sa kada ta ɗauko taurin kan. 'Yar'uwarmu Zara'u ta zo suna daga garin Sarkin Hausa, ta yi kwana huɗu, ta koma lafiya. Hatsin bana bai yi kamar na bara ba, amma rumbu bai ba mu kunya ba, in an yi tattali zai kai mu bakin shuka. Gwiwar Iya tana nan yadda ka bar ta, wata rana ta taka, wata rana sai an kama ta. Kullum sai ta tambaya ko ka yi waya.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, ga talho a aljihun kowa. Sau uku ina danna bokal, saƙon muryar nan, in yi maka magana, sau uku ina sharewa, don muryata ba ta tsayuwa. Kuma na san halinka, Yaya, in aka kira ka, ba a kai rabin magana ka ce to, to, a yi haƙuri, ana jiranka a shago. Takarda ba a ce mata a yi haƙuri. Don haka na nemo biro na zauna da ɗan rubutun da makarantar lakwal ta bar mini, in ka ga kuskure ka tsallake. Maganar daji ce, da ƙanenmu Lurwanu, da moton da ka aiko. Na san ya riga ni ba ka labari ta bakinsa. Ga nawa.

Ka tuna lokacin da muka taso ba barewa ko ɗaya a dajinmu, sai dai labarinta a bakin tsofaffi. Da aka fara barin itace cikin gonaki wajen sassabe, gawo da sabara da kalgo suka dawo, sai wata damina Baba ya ga sawun bareyi biyu a bakin tabki. Ka tuna yadda ya shigo gida ranar, bai ko cire takalmi ba, yana kiran Iya kamar an yi masa haihuwa. Shi da yake sarkin baka, shi ya tara mafarauta ya ce a rufe dajin arewa, zomo da zabi a kama, barewa kuwa kada wanda ya ɗaga mata ko kere. Shekara goma sha biyar ke nan. Ya rasu bai sake ɗanɗana naman barewa ba, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da zai cika ya ce ƙahon farauta naka ne, kai ne babba, amma tunda ba ka gida in riƙe maka. Shekara huɗu ina riƙe da shi, a kan ajiya, ban taɓa ce ma kowa nawa ne ba.

To bareyin nan sun yi yawa, wannan ba zan ɓoye ba. Bara da na bi sawu tare da tsoho Ɗan Azumi, abokin Baba, mun ƙirga kusan hamsin. Masu gonaki a bakin dajin suka fara kuka, cewa suna shiga wake tun yana fure, suna cin yakuwa. Gonar Lurwanu tana cikin waɗanda suka fi shan wahala, na je na gani da idona, waken da ya sa rai a kansa bai ɗauki ko buhu ɗaya ba. Nan mafarauta suka rabu biyu. Samari, Lurwanu a gaba, suka ce a rage su, cewa an tsare dabba shekara goma sha biyar ita kuma ta zo tana cin abincin ɗiyan wanda ya tsare ta. Tsofaffi, Ɗan Azumi a gaba, suka ce kada a taɓa, cewa awakin gari sun fi bareyi ɓarna sau goma, ba wanda ya ce a yanka su. Fulanin da ke zaune gabas da tabki su ma suka aiko cewa su ba su ga laifin bareyi ba, tare suke kiwo da shanunsu. An yi taro uku ƙarƙashin gawon masallaci, na ƙarshe har Lurwanu ya ce ma Ɗan Azumi ai shi ba shi da gona a bakin daji, kuma ba shi da haƙoran cin nama, shi ya sa. Tsohon da ya ɗauke mu a kafaɗa! Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Ni ne na shiga tsakani, kuma yau da na sani nake. Na ce a ɗauki hanyar tsakiya: a fitar da maza takwas, manya, kada a taɓa mace ko ƙarami, a yi shi rana ɗaya, bisa ƙa'idar ƙaho. Muka je Mayahi da maigari, muka ga Lamine, ma'aikacin gandun daji da ke kula da yankinmu. Mutum ne mai hankali, ya zo da kansa ya duba gonaki da sawu, ya kai maganar gaba, bayan makonni aka ba mu takardar izini ta maza takwas. Ya ce in kawo masa fatu takwas da kawunansu ya gani. Ɗan Azumi ya zo gidana ya ce, tunda ɗan sarkin baka ya yarda, ba zai ƙi fita ba, amma in tuna bai so ba. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ai ƙaho yana hannuna. Wallahi haka na ce masa, da bakina.

Ka san ƙa'idar, amma ka daɗe rabonka da daji, bari in tuna maka. Busa ta farko, a saki karnuka a shiga. Busa ta biyu, kowa ya sauke hannu, ko ka ja baka har kunne sai ka mayar da kibiya cikin kwari, ko dabba tana gabanka tana kallonka. Wanda ya kashe bayan busa ta biyu, a karɓe naman, kuma ba ya sake sa hannu a akushin mafarauta sai ya zo ya durƙusa. Da wannan kakanninmu suka yi farauta ba tare da takardar kowa ba. Ƙahon ma ka san na gwanki ne, kakanmu ya kashe shi a nan dajin, dabbar da yau ɗiyanmu ko sunanta ba su sani ba.

Ranar farauta da hantsi muka taru bakin daji. Sai ga samari a kan moto, goma sha ɗaya na ƙirga, kowane da goyo, Lurwanu a kan wadda ka aiko. Na tambaye shi wannan fa, ya ce don ɗaukar nama ne kawai, da kai ruwa. Na yarda. Na hau tudun da Baba yake tsayuwa, wanda ke da aduwa a kai, na yi bisimilla na busa. Ban gama sauke ƙaho daga baki ba na ji an tayar da moto gaba ɗaya. Ashe sun shirya tun da daɗewa, sun ciccire bututun hayaƙi don ƙarar ta firgita dabbobi su fito fili. Yaya, ba harbi suka yi ba. Bi suke. Moto biyu su sa barewa a tsakiya, su yi ta kora cikin fako har numfashinta ya ƙare, ta faɗi da kanta harshe waje, na baya ya diro ya yanka. A cikin wannan gudu wa zai tsaya duba ƙaho a kanta ya san mace ce ko namiji?

Daga kan tudu ina ganin komai. Da na ga an kayar da takwas, har da mata a ciki, na busa ta biyu. Tsofaffi da ke ƙasa suka ji. Na hangi Ɗan Azumi ya sauke bakansa, ya kira karensa, ya zauna gindin kalgo. Duk wanda ke tafe da ƙafa ya tsaya inda yake, kusan mutum ashirin, har da waɗanda ke cewa a rage. Masu moto kuwa ko waiwaye. Na sake busawa. Na yi ta busawa har leɓena ya tsage, na ji gishirin jini a baki. Na sauko da gudu ina ɗaga ƙahon sama ina ihu, ni da furfurata, kamar mahaukacin kasuwa, wani yaron ma ya ɗaga mini hannu yana dariya, yana zaton murna nake. Ƙahon nan, mai tafiya ƙasa yana jin shi daga bayan tabki. Ban taɓa kawo ma raina cewa mutumin da ke zaune kan inji ba ya jin komai sai injinsa ba. Na tsaya inda Baba ke tsayuwa, na busa yadda Baba ke busawa, na ɗauka shi ke nan na yi aikina. Ba su daina ba sai da esansi, man moto, ya ƙare musu bayan azahar.

Ashirin da uku aka jera ƙarƙashin gawo. Goma sha huɗu mata. Ni aka bai wa wuƙa, don al'ada ce mai ƙaho ya fara fiɗa, kuma na fara, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Ta farko da na buɗe akwai ɗa a cikinta, ya yi gashi, har kofato ya fito. Ta biyu ma haka. Na ajiye wuƙar. Ɗan Azumi ya zo ya tsaya a kaina, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi kawai, ashe haka ƙaho yake a hannuna. Bai karɓi rabonsa ba, tsofaffi shida suka bi bayansa. Na ce bisa ƙa'ida duk abin da aka kashe bayan busa ta biyu a karɓe, sai samari suka ce wace busa, su ba su ji komai ba, a rantsar da su. Kuma ka san abin haushin? Gaskiya suke faɗa. Lurwanu ya ce, a gaban jama'a, in ina son a ji ni gaba, in sayi talho mai ƙara in bar ƙahon a rataye, zamani ya wuce shi. Aka yi dariya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da yaron nan, ni na koya masa ɗana kibiya.

Yanzu ga wadda ta fi ci mini rai, kuma ban gaya ma kowa ba sai kai. Bayan kwana biyu Lamine ya zo. Kafin ya iso sun ɓoye fatu goma sha biyar cikin rumbun wani, sun shimfiɗa takwas, sun haɗa da kawunan maza. Ya duba, ya ƙirga, ya juyo ya dube ni, ya ce shi ba ruwansa da kowa a nan, maganar mai ƙaho zai rubuta, takwas ne? Lurwanu yana tsaye bayansa yana kallona. Na tuna Iya, na tuna Jamila matarsa da ciki, na tuna yadda ake tafiya da mutum Mayahi a bayan mota. Na ce takwas ne. Ya rubuta, ya ba ni hannu, ya ce da kowane gari yana da irina da aikinsu ya yi sauƙi. Yaya, tun da aka haife ni ba a taɓa zagina zagin da ya kai wannan yabo ciwo ba. Baba ya yi shekara talatin yana riƙe da ƙahon nan ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ni shekara huɗu ta ishe ni.

Sai kuma ga bokal ɗinka a talhon Lurwanu, yana bi majalisa majalisa yana kunna ma mutane. Na ji ka kana godiya da ƙyafaffen naman da ya aiko maka, kana cewa rabonka da ɗanɗanon gida irin wannan tun kana yaro, Rukaiya ma ta yaba, Allah ya yi masa albarka. Na ji kana cewa moto ai don amfanin gida ka aiko, ya yi abin da ya ga dama da ita, kuma kada Ayuba ya cika tsanani, barewa ba ta ciyar da kowa. To an ji, an gode. Ban ga laifinka da cin nama ba, ba ka san yadda aka samo shi ba. Amma yanzu ka sani. Kuma tunda ka manta, bari in tuna maka abin da ka ce ranar da moton ta iso: don kai Iya likita ce. Ranar da aka ba ta ta koma Mayahi a duba gwiwa, moton tana wurin mai gyara a Tasawa, ƙafar gaba ta lanƙwashe wajen bin barewa. A amalanke na kai ta, tun safe har rana ta take, tana riƙe da gwiwa tana salati duk inda muka faɗa rami. Naman ma da aka kawo mata ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki.

Tun ranar, kowace safiya bayan na idar da salla sai in zagaya bakin tabki in duba sawu. Tara nake samu. Wata rana takwas, kashegari ta taran ta dawo. Sauran ko sun gudu arewa, ko sun mutu cikin daji da fashewar zuciya, Allah kaɗai ya sani, don Fulani sun ce sun ga angulaye suna sauka wuri uku. Cikin taran akwai mata biyar, ɗaya tana jan ƙafar baya. In aka bar su, Ɗan Azumi ya ce cikin shekara goma za su iya komawa yadda suke, ko da yake ba ni ya gaya ma ba, a bakin wani na ji, don har yau in na gaishe shi sai ya amsa yana kallon gefe. Lurwanu kuwa yana faɗa a fili cewa aikin bai ƙare ba, kafin shuka za su koma su share sauran, kowa ya huta, wake ya tsira. Wannan karon ba takarda, ba ƙaho, ba tsofaffi. Sun sa ranar Lahadi ta bayan Lahadi mai zuwa. An gyara moton, jiya na gan shi yana wanke ta bakin rijiya yana waƙa.

Na yi masa magana ta lalama, na ce zan taya shi shinge da ƙaya, gonar duka, ni da ɗiyana. Na ce zan ba shi gonata ta kudu ya shuka wakensa can, ni in karɓi ta bakin daji, bareyi su ci nawa. Ya ce shi ba ya cin sadaka, kuma mai moto ya ba shi izini, wane ne ni. Ka ji inda maganar ta tsaya: a kanka. Ba ya jin ta Iya, ba ya jin ta maigari, ni kuwa ya riga ya ga iyakata ranar da na ce takwas ne. Kai kaɗai yake jin tsoro, don kai ne mai aikowa. Kalma ɗaya daga bakinka, cewa moto ba ta sake shiga daji, ta isa, don in tasa ta tsaya sauran ma za su yi sanyi, shi ne kansu. Ba na roƙon ka ka ƙi shi. Ina roƙon ka ka hana shi.

In kuwa ka yi shiru, to ka sani tun yanzu, kada ka ce an yi maka ba-zata. Ranar da na ji ƙarar moto a dajin arewa, da ƙafata zan taka har Mayahi in sami Lamine, in ce masa na yi ƙarya, ashirin da uku ne, in nuna masa rumbun da fatu suke. Na san abin da zai biyo baya. Za a tafi da Lurwanu, wataƙila da ni, Iya za ta yi kuka, gari zai ce na sayar da ɗan uwana saboda naman daji, kai ma za ka ce haka. Na auna duk wannan, ba dare ɗaya ba. Na yi ƙarya sau ɗaya saboda Lurwanu, ya ɗauke ta ya mayar da ita izini. Ba ni da ta biyu.

Ka gaishe mini da Rukaiya ƙwarai, ka ce Rabi'atu ta ga turmin zane ta gode. Ka shafa mini kan Mardiya da Sakina, ka ce Baffa Ayuba bai manta da alkawarin goruba ba, ga ta nan cikin buhu. Iya tana gaishe ku, tana sa muku albarka, ba ta san abin da na rubuta ba, kuma kada ka gaya mata. Zara'u ta ce in na rubuta in isar da gaisuwarta. Jamila ma tana gaisuwa, ita ba ruwanta, baiwar Allah.

Sirajo direba, da zai ba ka wannan takarda, zai ba ka wani abu naɗe cikin tsohon rawanin Baba. Ƙahonka ne. Na wanke jinin leɓena daga bakinsa, na shafa masa mai, ba abin da ya same shi. Ajiya ce ka ba ni, ban iya ba, ga ta na mayar. In ka kira Lurwanu kafin Lahadin nan, ka riƙe ƙahon har ka zo Salla, ka hau tudu da kanka, ko da sauran waɗanda za su ji. In ba ka kira ba, kada ka wahalar da kanka da dawo da shi. Ka kafa ƙusa a shago ka rataye. Ranar da Mardiya ta tambaye ka ƙahon mene ne, ka ce na gwanki ne, wata dabba da aka yi a garinmu da. Sai ka ƙara mata da barewa, ka gaya mata kai ka ci ta ƙarshe, kuma ta yi daɗi.

Ƙanenka da bai iya riƙon ajiya ba,
Ayuba